Alawayyo Mai Hannu Huɗu

Ni tela ne, kuma tun ina saurayi ba na son a ce mini "haka muka taras". Da an faɗi haka sai in ji kaina ya ɗau zafi. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, takan ce wurin babana na kwaso wannan taurin kai, hankalinsa kuwa ban samu ko kaɗan ba. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunana ba. Ina yaro "kai" nake, da na sayi keken ɗinki na koma "Tela", a haka kuma na yi furfura a bakinta.

Mu Sarkawa ne, masunta, muna zaune a wata tunga a bakin Kwara kusa da Bagudo. Gidanmu ne ke riƙe da abin mai ruwa, wato aljanar kogin. Kowace shekara kafin a buɗe su, wato kamun kifi, babban gidan zai ɗauki farin zakara da ƙwaryar madara da ƙyallen farin yadi, ya shiga jirgi shi kaɗai har inda bado ya rufe ruwa, ya miƙa mata, don ta bar mutane su shiga su fito lafiya. Babana ya gaji wannan aiki kuma ya yi shi shekaru. Sai ya soma zama gaban wani malami a Bagudo, ya yi karatu da girmansa, wata rana ya tara 'yan'uwansa ya ce ya bari, ba zai ƙara kai wa kowa zakara ba sai dai ya yanka don Allah. An yi masa ca. Ƙanensa ya nuna shi da yatsa ya ce mai ruwa ba ta mantuwa. Babana bai fasa ba, bai kuma bar kamun kifi ba. Inna ce ta sha wahalar abin, domin daga ranar duk fitar da zai yi da birgi, ragarsa ta kifi, a kafaɗa, ba ta iya zama sai ta hango jirginsa ya dawo.

Ya rasu a ranin da ya biyo bayan samun mulkin kai. Ciwon ƙirji ne, kwana kaɗan. Ya cika a kan tabarmarsa da hantsi, da kalmar shahada a bakinsa. Inna ta yi kuka, amma a cikin kukan nan na ji tana cewa, "Alhamdu lillahi, a tudu ya cika. Ba ta same shi ba."

To, ga inda hannuna ya shiga. A lokacin ba mu sayen yadi da suna, don babu mai karanta boko a cikinmu. Kowane bandir, wato cikakken naɗin farin yadin alawayyo, yana zuwa da takarda mai launi manne a ƙarshensa, da hoton jikinta muke kiransa. Akwai mai giwa, akwai mai jirgi, akwai mai agogo. Wanda ya fi su duka laushi da kauri shi ne mai hannu huɗu, sai an haye zuwa Dahome ake samunsa. Ina da bandir guda da nake tattali. Da aka ce a kawo likkafani, ban yi shawara da kowa ba, na ruga shago na sungumo shi. Ubana ne fa. Me zan naɗe shi da shi in ba wanda ya fi kyau ba? Na yanka abin da ake bukata, na bar sauran a ɗakin Inna, muka kai shi makwancinsa.

Bayan sadakar uku na shiga gaishe ta, na tarar da ita zaune, takardar nan a tafin hannunta, idonta a bushe.

"Tela, mi ne ne wanga?"

Na ce alamar yadi ce, Inna, ba wani abu ba.

"Duba da kyau."

Wallahi na fi shekara biyar ina ganin hoton nan, ban taɓa dubansa ba sai ranar. Mace ce sanye da fari fat, zaune a kan buɗaɗɗen furen bado, ruwa kewaye da ita. Hannu biyu suna riƙe da wani dogon abin kiɗa mai kama da molo. Hannu na uku yana riƙe da wani zare mai ƙulle-ƙulle, na huɗu da wani abu mai kusurwa huɗu. Kusa da ƙafarta ga farin tsuntsu mai dogon wuya.

Inna ta bi su da yatsa. Ta ce ga farin ƙyallenta ta yafa. Ga badonta. Ga farin kazan da babana ya hana ta, ta aje shi gabanta don a san ba ta manta ba. Ga abin kiɗan da ake kiran iskoki da shi. Zaren nan kuwa igiyar da take jan mutum ce. "Ta kasa kama shi a ruwa," in ji ta, "sai ta biyo ta hannun ɗansa. Da tufarta aka rufe shi."

Na ce zane ne kawai, wani ne ya zauna ya zana. Ta girgiza kai. Shekarun nan an cika kasuwa da hotunan manyan siyasa, kuma ta ga wasunsu da idonta lokacin da suka zo yawon neman ƙuri'a, sak yadda suke a takarda. Ta ce duk wanda aka gani a takarda akwai shi, sai an tsaya gaban mutum ake ɗaukar hotonsa.

Na kawo liman. Ya zauna daga bakin ƙofa, don tana takaba, ya ce yadi yadi ne, takardar ma ba ta shiga kabari ba, kuma da aikinsa mutum yake kwanciya. Inna ta saurara da ladabi, sannan ta ce, "Malam, ka san ko wace ce?" Liman mutum ne mai gaskiya, ya ce bai sani ba. Ta yi masa godiya, shi ke nan.

Daga ranar abinci ya daina shiga. Sai ta kurɓi kunu sau biyu ta ture. Matata ta dafa mata romon ragon ruwa, kifin da a da ba ta iya ganinsa ta kau da kai, ya huce a kwano. Cikin sati biyu zobenta ya soma zamewa daga yatsa. Ƙanen babana kuwa ya samu abin da yake so, kullum yana ƙofar ɗaki yana cewa magani ɗaya ne, a kai wa mai ruwa abinta ta saki mamacin. Wata safiya Inna ta kira ni, ba ta dubi fuskata ba, ta ce in nemo farin zakara.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Wannan mata ce ta tsaya bayan mijinta shekara da shekaru ana yi musu gori, yau ita da bakinta take so a rushe abin da ya mutu a kansa. Na ce, "Inna, ban taɓa ƙin aikenki ba, amma wannan ba zan je ba. Ki ba ni zuwa kasuwa biyu. Zan nemo wanda ya san matar nan. In ya ce ita ce mai ruwanmu, zan dawo in faɗa miki da bakina, ba zan ɓoye ba."

Ta ce, "In kuwa ita ce?"

Na ce sai mu sake magana. A zuciyata kuwa na riga na rantse ko ita ce babu zakaran da zai shiga ruwa.

Na sa takardar cikin hulata, na ɗora keke a jirgi na haye. 'Yan duwan, wato kwastan na iyaka, suka zazzage jakata, suka ga babu komai sai ƙuli-ƙuli da buta, suka yi mamakin telan da zai shiga Dahome ba buhu. Na sami ɗan kasuwar nan Badende da nake sayen yadi wurinsa. Ya juya takardar sama da ƙasa ya ce shi dai daga bakin teku ake kawo masa, kuma duk mai hannu huɗu ba ya kwantai. Na tambaye shi ko wace ce, ya ce wataƙila matar mai kamfanin ce. Na ce matar mai kamfani da hannu huɗu? Ya ce ai masu kuɗi ba a san iyakarsu ba. Na so in kwaɗa masa mari, na dai haɗiye na fito.

Wani Bafillace da ya zo sayen gishiri ne ya leƙa ya ce ya taɓa ganin irin wannan hoto a cikin motar likitan shanu. Wane likitan shanu? Ya ce wani Ba'indiye da gwamnati ta kawo yana bin rugage yana yi wa shanu allura, mutum ne da ba ya cin nama ko an ba shi kyauta. Ban kwana a Dahome ba. Na je Zagga aka ce ya tashi shekaranjiya. Na bi sawun motarsa, tayar kekena ta fashe na cusa mata ciyawa, sai a rana ta uku na cim masa a wata makiyaya kusa da Kurgu.

Ɗan siriri ne, baƙi kamar mu, da tabarau, gumi ya jiƙa masa riga. Shanu na ta kuka, Fulani na kokawa da su, shi da malamin da ke yi masa tafinta suna bi da allura. Na tsaya a rana har suka gama, ban yarda na zauna ba don kada ya shige mota ya bar ni. Da ya nufi inuwa na tare shi na miƙa takardar.

Bai karɓa ba. Sai da ya nemi ruwa ya wanke hannu, ya tuɓe takalmi, sannan ya karɓa da hannu biyu ya kai ta goshinsa. Na zo ne da fatan ya yi dariya ya ce ado ne, ga shi yana yi mata abin da muke yi wa allo.

Na ce wa tafinta, "Tambaye shi, bauta mata suke yi?"

Likitan ya ce e, a addininsu ana girmama ta, ita ce uwar ilimi da magana da kiɗa. Ya faɗi sunanta har sau uku, harshena ya kasa ɗauka. Sai ya tambayi abin da ya kawo ni. Na kwashe duka na faɗa, har zakaran. Ya ce mu zauna.

Abin da na fara tambaya shi ne hannuwan. Ya ce babu wanda ya taɓa tsayawa gabanta ya ɗauki hoto, mai zane ne yake so ya nuna abubuwa da yawa a tare, hannu biyu kuma ba su isa ba, sai ya ƙara. Ya ce su idan sun duba ba hannun suke ƙirgawa ba, abin da ke cikinsa suke karantawa. Abu mai kusurwa huɗun nan littafi ne. Na nuna zaren na ce igiyar fa? Ya matso da takardar kusa da idona ya ce in ƙara dubawa. Carbi ne. Ni da nake rataye da nawa a wuya, kunya ta kama ni. Ya ce littafi shi ne abin da aka koya maka, carbi kuma shi ne zaman da za ka yi kai kaɗai kana maimaitawa har abin ya shiga jikinka, wanda ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya bai gama ba.

Abin kiɗan ya fi daɗewa a kansa, har yana motsa yatsu kamar yana kaɗawa. Ya ce an ba shi hannu biyu ne don ilimin da ke cikin takarda bai isa ba sai ya fito ya yi daɗin ji a zaman mutum da mutane, kuma tsirkiya in ta yi sako-sako ba ta magana, in an ɗaure ta da yawa ta tsinke. Wannan na gane shi nan take, haka zaren keke yake. Farar tufa kuwa, ya ce, don ba a rina ta ba ne, ilimi ba ya son a shafa masa launin kowa.

Da ya zo kan tsuntsun, Fulanin da suka kewaye mu suka matso. Ya ce ba kaza ba ce, wata irin dinya ce ta ƙasarsu, kuma magabata sun ce in aka gauraya madara da ruwa aka aje mata, sai ta shanye madarar ta bar ruwan, haka ake son mai ilimi ya zama da gaskiya da ƙarya. Wani dattijo ya kece da dariya ya ce Allah Ya sa kada a kawo irin tsuntsun nan kasuwar Bagudo, in ba haka ba matansu sun shiga uku. Wata mai tallan nono ta ɗaga ludayi ta yi kansa. Kowa ya yi dariya, ban da ni.

Na ce, "Duk na ji. Ruwan fa? Me ya zaunar da ita a kan ruwa?"

Ya ce bado cikin taɓo yake tsirowa amma furensa ba ya ɗaukar datti. Na ce ba wannan na tambaya ba. Tana da wata alaƙa da kogi ko babu? Ya dube ni ta saman tabarau, na ga ya gane abin da amsar za ta jawo, amma bai kauce ba. Ya ce akwai. Sunan nata ma asalinsa sunan wani kogi ne.

Kwana uku ina tuƙa keke a rana don in ji wannan! Na tambayi inda kogin yake. Ya ce babu shi. Ya ƙafe tun zamanin da ba wanda ya san lissafinsa, wasu sun ce ya nutse ƙarƙashin ƙasa, har yau ana gardamar ta inda ya bi. Na ce ana yanka mata kaji? Ya toshe kunne da hannu biyu. Ya ce ba ta karɓar jini, yara ne ke aje allunansu gabanta ranar da za su soma karatu. Sannan ya ce shi ma ransa ba ya son yadda masu masaƙa ke manna ta a jikin yadi ana yar da ita a ƙasa ana takawa, ya roƙe ni kada in bari hakan ta same ta.

A hanyar komawa shaiɗan ya hau bayan kekena. Ya ce in faɗi littafi da carbi da tsuntsu, in haɗiye maganar kogi, wa zai sani? Na yi ta juya abin har na hango rumfunan bandar kifi na tungarmu. Amma na yi alkawari da bakina, kuma na san Inna, in na rage ko kalma ɗaya za ta gani a idona, daga nan kuma ba za ta ƙara yarda da sauran ba. Na ce komai zai faru ya faru, duka zan faɗa.

Na same ta da la'asar a jingine da bango, ta ƙara zubewa. Na zauna na ɗauko abin tun daga wanke hannu. Da na zo kan carbi ta karɓi takardar ta kai bakin ƙofa wurin haske, ta daɗe tana kallo. Na ci gaba har na iso inda nake tsoro. Na ce, "Inna, sunanta sunan kogi ne."

Ta rufe ido ta ce, "Na faɗa maka."

Na ce ban gama ba, kogin ya ƙafe.

Ta buɗe ido. "Ya janye dai da rani."

Na ce a'a, ya ƙafe ƙaf, ko kakan kakan likitan bai sha ruwansa ba, ba a ma san ta inda ya bi ba.

"Ba jirgi? Ba kifi?"

Na ce ko kwaɗo babu.

Inna a bakin ruwa aka haife ta, ba ta taɓa kwana inda ba ta jin motsinsa ba, ban taɓa tunanin yadda wannan magana za ta faɗa mata ba. Sai na ga hawaye na bin kuncinta, karo na farko tun ranar da ta ga takardar.

"Kaico," in ji ta. "Kaico, baiwar Allah. An bar ta da suna, abin ya tafi." Ta share fuska da gefen mayafi. "Wagga ba tamu ba ce. Tamu ba ta san karatu ba, in ta ga littafi ma jiƙa shi za ta yi. Wagga baƙuwa ce, ta kanta take yi."

Na yi ajiyar zuciya, na ce to zakaran fa? Ta harare ni ta ce wane zakara, in je in faɗa wa ƙanen babana ya daina tsaya mata a ƙofa. Ta miƙo mini takardar da hannu biyu, yadda na ce likitan ya yi, ta ce in mayar wa mutumin abinsu, su suka san darajarta, mu ba mu da wurin aje ta. Sannan ta ƙwala wa matata kira ta ce ko akwai sauran tuwo, a ɗumama.

Na miƙe zan fita, na sunkuya zan ɗauki sauran yadin in kawar mata da shi daga gani. Ta dafa shi da tafin hannu.

"Ina za ka da shi?"

Na ce shago, in yanka wa mutane riguna ya ƙare kowa ya huta.

"Aje shi. Kada almakashinka ya taɓa shi." Ta shafa yadin a hankali. "Ka ce shi ya fi kowane kyau?"

Na ce shi ne, Inna.

"To ka yi wa babanka daidai. In tawa ta zo, da wanga za ka rufe ni."

Ta ninke shi da kanta ta sa a ƙasan adakarta. Ta rayu bayan nan har ta goyi 'ya'yan ɗiyata. Ranar da na buɗe adakar na fiddo shi, na auna na sake aunawa, ya isa har da ɗan saura, amma hannuna ya ƙi riƙe almakashi, sai liman ne ya karɓa ya yanka.